Yadda Ake Kawo Aikin Hanya Rido

Mutumin Rido da ke son a zuba wa layinsu kwalta, ya fara sanin hanyar ta wa ce. Akwai ta ƙaramar hukumar Chikun mai hedikwata a Kujama, akwai ta jiha, akwai ta tarayya. Wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba, takardarsa a fayil za ta tsufa.

Daga nan sai mai unguwa ya tara dattawa da mata da matasa, a tsayar da magana ɗaya: hanya ce ta fi matsa mana, ko kwalbati? A rubuta a takardar buƙatun al'umma, wadda a Kaduna ake kira CDC, kansila ya bi sawunta. In aikin ya fi ƙarfin Chikun, sai a haura da shi jiha, Hukumar Tsare-tsare da Kasafin Kuɗi ta tace, majalisa ta amince, gwamna ya sa hannu.

A nan mutane ke saurin guɗa. Ganin sunan hanya a kasafi daban, sakin kuɗinta daban, kuma tsakanin biyun ne ayyuka da dama ke kwana.

In kuɗi ya fito, injiniyoyin KADRA, hukumar hanyoyin jiha, su zo awo. A duba inda ruwa ke bi da nauyin da hanyar za ta ɗauka. Gari kamar Rido da ke maƙwabtaka da matatar mai, wadda aka buɗe a 1980, ba a yi masa lissafi ba tare da motocin tanka ba. Ginin da ya shigo hanya a shafa masa jan fenti. Diyya kuwa, bisa dokar filaye ta 1978, ta gini ce da shuka, ba ta ƙasar ba. Rigima yawanci daga nan take tashi.

Sai tallar kwangila ƙarƙashin ƙa'idojin KADPPA, hukumar sa ido kan kwangilolin jiha, a zaɓi ɗan kwangila, a ba shi kuɗin kama aiki. Da rani ake so: magudanar ruwa tukuna, sannan jar ƙasa a daɓe, tsakuwa, kwalta a ƙarshe. Sauran kuɗin ɗan kwangila kashi-kashi ne, bayan injiniya ya duba ya sa hannu.

Ran da aka kafa allon aiki a bakin layinku, ku ɗauki hotonsa. Sunan kamfanin da hukumar da ta ba shi aikin suna jiki, da su za ku kai ƙorafi in aka kwashe motoci ba a gama ba.