Mugunyar Kunne da Ƙasusuwan Ji

Iyaye da yawa ba sa kawo mana yaro sashen kunne sai malaminsa ya gaji da ƙorafin cewa ba ya amsa kira. Idan na tambayi tun yaushe kunnen ke fitar da mugunya, sai uwar ta ce, "Likita, ai tun yaye ne, amma fa ba ya yi masa ciwo." Rashin ciwon nan shi ke yaudarar mutane.

A bayan dodon kunne akwai ɗan ɗaki mai iska, cikinsa ƙananan ƙasusuwa uku sarƙe da juna. Na farko guduma, ƙotarta manne da dodon kunne, sai uwar maƙera a tsakiya, sannan likkafa, wadda ba a kai ta ƙanƙanta ba a duk ƙasusuwan jikin mutum, don tsawonta bai wuce milimita 3 da ɗan wani abu ba. Tafin likkafar na zaune a bakin wata 'yar taga da ke shiga kunnen ciki, shi kuwa cike yake da ruwa. Wanda ya taɓa nutso a kududdufi ya san da ƙyar kiran na bakin gaɓa ke isa gare shi, domin ruwa ba ya karɓar sautin iska cikin sauƙi. Dodon kunne ya fi tagar nan faɗi kusan sau 17, don haka ƙasusuwan ke tattaro motsinsa su dunƙule shi a wuri ɗan ƙarami, ƙarfinsa ya ninku wajen sau 20.

Mugunyar da ta yi shekaru tana kwanciya a ɗakin nan tana cin ƙashi a hankali. Wanda ta fi fara cinyewa shi ne dogon hannun uwar maƙera, saboda siriri ne, kuma jinin da ke ciyar da shi kaɗan ne. Da ya tsinke, sauti ya rasa hanya. Ina gwadawa da ɗan ƙarfe mai reshe biyu: in buga shi, in kara kusa da kunnen yaron, ya ce shiru. In ɗora gindinsa a kan ƙashin bayan kunnen, sai ka ga ya zaro ido yana murmushi. Jijiyar ji lafiyarta lau ke nan, kuma irin wannan kurumtar tana gyaruwa. Mukan busar da kunnen da magani, mu liƙe hudar dodon, mu sake sassaƙa ƙashin ko mu sa na titaniyom. Amma aiki ne na madubin ƙara girma, mai tsada, kuma ba kowane asibiti ke yin sa ba, alhali da wuri ɗigon magani da tsabta kan wadatar.

Ba mugunya kaɗai ce ke kawo irin wannan kurumtar ba. Mari na iya fasa dodon kunne, buguwar kai a haɗarin babur kan sa ƙasusuwan su goce. Akwai kuma masu ƙashin da ke toho ya ƙame likkafa, galibi mata, wani lokaci ya tsananta da juna biyu.

Kada a ɗura man gyaɗa ko ruwan ganye a kunne mai huda, kada a sosa da gashin kaza ko tsinken ashana. Lokacin wanka a toshe shi da auduga mai ɗan man baselin. In mugunyar ta fara wari, ko aka ga jini, jiri, kumburin bayan kunne ko karkacewar baki, a kawo yaron ranar, don tsakanin ɗakin nan da ƙwaƙwalwa ƙashi ne siriri ƙwarai.