Banish ɗin kafinta ya kashe gwankin Baba

Ranar Asabar da ta wuce wani matashi ya sauka daga acaɓa a ƙofar shagona nan Maje, rungume da firem cikin buhun siminti. Tun bai buɗe ba na ji warin banish. Da ya zaro sai na ga aikin hannuna ne, kuma har yanzu raina bai huce ba.

Zanen na mahaifinsa ne, dattijon da ƙarfinsa ya ƙare a gadin daji a ɓangaren Borgu na gandun Kainji, tun ba a daɗe da mayar da shi gandun ƙasa a 1979 ba. Da ya yi ritaya ya dawo Suleja. Ya zo mini da wasu hotuna da suka koɗe, ya ce gwanki yake so, a tsaye bakin kogin Oli da hantsi, ciyawa ta fara bushewa. Baba bai san fenti ba, amma dabba kam ya san ta. "Yaro, kada ka yi mini kanki ka ce gwanki ne," in ji shi. "Ƙahon baya yake lanƙwasa, kunnen dogo ne da tukku a ƙarshe, fuskar baƙi da fari." Yakan zo ya zauna kan benci yana kallo, yana ba ni labarin ɓauna da dorina, har a kira la'asar.

Na fara da shafi mai ruwa-ruwa, ina ƙara mai a hankali, na tara fenti da kauri a gezar wuya da wuƙar zane. A watan Janairu na miƙa aikin. Na faɗa da baki, na kuma rubuta a bayan ƙyallen: kada a shafa komai, a dawo da shi bayan damina in sa masa banish ɗin zane.

To, sai biki ya taso a gidan. Duk mazaunin Maje ya san ƙurar hunturu da hayaƙin tankoki da tireloli da ke kwana a bakin titi. Zanen ya yi ƙura, aka sauko da shi, aka bi shi da soso da Omo. Ya bushe ya yi dishi-dishi. Akwai kafinta a tsakar gida yana gyaran kujerun falo, ya leƙa ya ce wannan ai ƙaramin aiki ne. Ya tsoma burushinsa a gwangwanin banish ɗin katako, ya shafa sau biyu, ya jingina shi a rana. Rana ta watan Afrilu! Suka sallami kafintan, har da godiya.

Abin da na gani ranar Asabar: sararin sama ya koma rawaya, ruwan kogin ya ƙazance, wuyan gwankin inda fenti ya fi kauri ya yamutse kamar ganda, bayan ƙyallen kuwa duk baƙin ɗigon funfuna, domin ruwan wankin bai taɓa fita ba. Allah ya yi wa Baba rasuwa da faɗuwar damina. Ɗan ya ce, "Malam, ko nawa ne zan biya, shi kaɗai ya rage mana da yake so." Na naɗa auduga a tsinke, na gwada a kusurwa da abu mafi sauƙi, ko gezau. Na ƙara ƙarfi kaɗan, sai ga koren ciyawata a jikin audugar. Abin da zai ɗaga wannan banish zai ɗago fentin da bai ƙosa ba. Na gaya masa gaskiya: zan iya zana wani, amma wannan ya tafi. Kuma da yanayin tsaron dajin yanzu, ba kowa ke shiga ya tsaya bakin Oli ba.

Ku ji. Fentin mai ba bushewa yake yi ba, iska yake sha, sama ta kama alhali ciki ɗanye. Ba a sa banish sai bayan wata 6, mai kauri ma shekara. Banish ɗin katako ba ya fita. Ruwa ba ya taɓa zane, balle Omo.

Na maimaita, ruwa ba ya taɓa zane. Ba tsumma mai laima, ba kananzir, ba man gyaɗa, ba albasar da wani ya gani a TikTok. Busasshen burushi mai laushi, shi ke nan. Kada a rataye shi a bangon da ke shan ruwa ko saitin hayaƙin kicin da na janareta. In za a naɗe, fenti ya kalli waje. Leda kada ta taɓa fuskarsa.

Masu sayar da zane a bakin titi kuma, tsakanin Madalla da gindin Dutsen Zuma, wasunsu sun fi kafintan nan ɓarna. A buga hoto a ledar bana, a ɗan ɗiga fenti a kai, a ce zanen mai ne. Wasu fentin ƙofa suke damawa da kananzir a kan ƙyallen da ba a yi wa shimfiɗa ba, hunturu biyu ya tsattsage. Na ga wanda ya zana damisa mai ratsi-ratsi, ta Indiya, tana shan ruwa a Gurara, kuma an saya! Ku juya bayan zane ku duba, ku karkata shi ga haske ku ga sawun burushi. A Suleja, garin da Ladi Kwali ta yi aikin tukwane har hotonta ya hau bayan naira 20, abin kunya ne a ce sai an tuna mana aikin hannu yana da lokacinsa.

Sai masu zuwa ranar Litinin su ce Juma'a za a yi walima, a zana giwa da mai, ta yi ƙyalli. Ba na karɓa. Wanda biki ya matsa wa, ya ce a yi masa da akirilik, ya bushe a yini, ya ɗauki abinsa.