Tarin Mai Juna Biyu: Suna da Cuta a Ƙasar Roni

Bahaushe yakan san cuta ta sunanta, kuma sunan da aka ba ta shi ke nuna wa majinyaci ƙofar da zai nufa, ko ta wanzami, ko ta mai saiwoyi, ko ta asibiti. Wannan maƙala za ta dubi kalmar "tari" kamar yadda take a bakin mutanen Roni da maƙwabtansu na Kazaure da Gwiwa da Babura, don nuna yadda dajin huhu, wanda ba kasafai ake samunsa ba, kan ɓuya a cikinta idan mace tana da juna biyu.

Hausa ta raba tari gida-gida. Akwai na mura, akwai tarin shiƙa na yara, akwai tarin fuka mai ramarwa. Dukkansu daga abin da kunne ya ji ko ido ya gani suka sami suna. Shi kuwa "daji", a tsohuwar fahimta, ciwo ne na fili, a fata ko a mama, yana ci yana yaɗo. Ƙarin da ke girma cikin ƙirji, inda ido bai kai ba, hannu bai taɓa ba, bai sami suna nasa na kansa ba, saboda haka sai ya ari na wani.

Ga mai ciki abin ya fi tsanani. In ta yi haki a ce nauyin ciki ne, in ta rame ta ƙi abinci a ce laulayi. In kuwa cikin fari ne, kunya ba za ta bar ta ta faɗi cikin ba ma, balle tarin da ke hana ta barci. Kunya ado ce, amma a nan takan ci watanni.

Likitoci sun ƙiyasta cewa daji kan samu kimanin mace 1 cikin masu ciki 1,000, yawanci na mama ko na bakin mahaifa. Na huhu ya fi wannan ƙaranci nesa ba kusa ba, kuma mafi yawan waɗanda aka rubuta labarinsu sai da cutar ta yi nisa aka gano ta. Akwai wani iri da ake kira kasinoyid, wanda ba ya bukatar taba sigari kafin ya kama matashi. A hankali yake toshe hanyar iska, ƙirji ya riƙa kuka kamar na mai asma, wani lokaci da jini a kaki. In an gano shi da wuri, fiɗa takan raba mutum da shi.

Ba laifin ma'aikacin asibiti ba ne in ya fara zargin tarin fuka, domin shi ne ya fi yawa. Bayansa akwai ciwon zuciya na masu jego, wanda Davidson da Parry suka yi nazarinsa a Zariya cikin shekarun 1970, suka danganta shi da wankan jego da kunun kanwa da kwanciya kan gado mai wuta. Shi ma da tari da haki yake zuwa. Inda gizo ke saƙa shi ne bayan an auna kaki da na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, ba a ga ƙwayar cuta ba, ko an daɗe ana shan magani ba sauƙi. A nan ne ya kamata a ɗauki hoton ƙirji, a nan ne kuma akan ja da baya don tsoron kada a cuci abin da ke ciki. Alhali kuwa hasken da ke isa ga ɗan tayi daga hoton ƙirji ɗan mitsitsi ne, ya yi ƙasa ƙwarai da wanda ke yin lahani. In hoton ya nuna inuwa, ba a tabbatar da daji sai an ciro 'yar tsoka an duba, kuma wannan yakan sa mutumin Roni tafiya babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988. Kuɗin mota da izinin maigida da mai jinya duk suna cikin lissafin.

Wani dajin kuma ba ɗan asalin huhu ba ne, baƙo ne daga mahaifa. Sunansa koriyokasinoma. Yakan tashi daga tsokar mabiyiya bayan ɓari ko haihuwa, musamman bayan irin cikin nan da ba ɗa a ciki sai ƙulle-ƙulle kamar 'ya'yan inabi, sa'an nan ya bi jini ya sauka a huhu. Mace sai ta zo da tarin jini, ba ta ambaci ɓarin da ta yi watannin baya ba, don ba ta ga abin da ya haɗa mara da ƙirji ba, ba kuma wanda ya tambaye ta. Ga shi kuwa yana cikin dajin da suka fi jin magani, tun 1956 da Min Chiu Li da Roy Hertz suka fara warkar da shi da magani a Amurka. Sinadarin da yake zubawa cikin jini shi ne dai wanda tsinken gwajin ciki ke kamawa a fitsari, irin wanda ake sayarwa a kantin magani na kan hanya.