Fargabar Sallama Daga Aiki a Manyan Kamfanonin Fasaha: Abin da Ya Kamata Ma'aikaci Ya Sani Tun Kafin Ta Zo

Tsakanin watan Nuwamban 2022 da Maris ɗin 2023, manyan kamfanonin fasaha na Amurka sun yi rage ma'aikatan da aka daɗe ba a ga irinsa ba. Meta, mai Facebook da WhatsApp, ya sallami mutum 11,000, daga baya ya ƙara 10,000. Google ya sallami 12,000, Microsoft 10,000, Amazon kuwa 27,000 a zagaye biyu. Da yawansu ta imel suka samu labari. Wasu ma sun tashi da safe ne suka tarar an rufe musu hanyar shiga kwamfutar aiki.

Matashin da ya gama karatun kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, yake rubuta manhaja daga ɗakinsa a Shema ko Kurfi ga wani kamfani na Legas ko na ƙetare, ba zai ɗauki wannan a matsayin labarin nesa ba. Gemun ɗan'uwa ne ya kama da wuta. A watan Satumban 2019 Andela ya sallami ƙananan injiniyoyin manhaja kimanin 420 a Najeriya da Kenya da Yuganda. Jumia ya rage mutum wajen 900 a ƙarshen 2022. A watan Mayun 2024 Microsoft ya rufe cibiyarsa ta injiniyoyi da ke Legas.

Wa ake sallama, kuma don me?

Abu na farko da ke cinye zuciyar ma'aikaci shi ne zaton cewa wanda bai iya aiki ba ake kora. A irin wannan sallama ta taron dangi, galibi ba haka take ba. Lokacin annobar korona mutane sun koma intanet, kamfanoni suka yi ta ɗibar ma'aikata: Meta na da mutum kusan 45,000 a ƙarshen 2019, ya kai 87,000 a Satumban 2022. Sai babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa daga Maris ɗin 2022, kuɗin jari ya yi tsada, masu hannun jari suka matsa a rage kashe kuɗi. A irin wannan hali sashe guda ake shafewa, ƙwararre da ɗan koyo duk a tafi da su. Saboda haka kwana a gaban kwamfuta don burge shugaban sashe ba ya hana komai idan sashen ne aka yanke shawarar rufewa. Abin da ya fi amfani shi ne mutum ya duba ko aikin da yake yi na cikin waɗanda ke kawo wa kamfanin kuɗi, ko kuwa gwaji ne da za a iya ajiyewa gobe. Dakatar da ɗaukar sabbin ma'aikata, soke tafiye-tafiye da haɗe sassa biyu a ƙarƙashin shugaba ɗaya alamu ne da suka cancanci a lura da su.

Darasi daga masu tace Facebook da Hausa

Misalin da ya fi kusa da masu jin Hausa a Nairobi ya faru. Shekaru da dama wani kamfani mai suna Sama ne ke riƙe da kwangilar tace abubuwan da ake wallafawa a Facebook cikin harsunan Afirka, har da Hausa. A watan Janairun 2023 ya sanar da cewa zai bar wannan aiki, ma'aikata wajen 260 suka rasa abin yi. Cikinsu akwai Kauna Malgwi, 'yar arewacin Najeriya da ke tace rubuce-rubuce da bidiyoyin Hausa, wadda mujallar Time ta sa cikin mutum 100 masu tasiri a fannin ƙirƙirarriyar basira a 2024. Mutum 184 sun kai ƙara kotu a Kenya. Meta ya kafe cewa shi bai ɗauke su aiki ba, ma'aikatan Sama ne. Sai a Satumban 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta Kenya ta tabbatar da cewa ana iya gurfanar da Meta a ƙasar. Wato sama da shekara guda da rabi aka kwashe a kan tambaya ɗaya tak: wane ne ubangidan?

Wannan tambaya ya kamata kowane ma'aikaci ya amsa wa kansa yau, ba ranar sallama ba. Sunan da ke jikin rigar da aka raba a ofis daban, sunan da ke kan takardar ɗaukar aiki daban. Akwai cikakken ma'aikaci, akwai wanda kamfanin 'yan kwangila ya ɗauka ya tura shi yi wa babban kamfani aiki, akwai kuma ɗan kwantiragi mai zaman kansa da ake biya wata-wata. Yawancin masu aiki daga gida a garuruwa irin su Dutsin-Ma a rukuni na uku suke, kuma su ne haƙƙinsu ya fi ƙaranci. Dokar Amurka da ta wajabta wa manyan kamfanoni ba da sanarwar kwana 60 kafin sallamar jama'a da yawa ba ta shafi ɗan kwantiragin da ke zaune a Katsina ba.

Dokar ƙwadago ta Najeriya ta yi magana a kan rage ma'aikata a sashe na 20: a sanar da ƙungiyar ma'aikata ko wakilinsu, a fara da wanda ya zo ƙarshe tare da la'akari da cancanta, a kuma yi ƙoƙarin daidaitawa kan kuɗin sallama. Sai dai akwai wani ƙulli. Ma'anar "ma'aikaci" a dokar ta cire masu aikin gudanarwa da na ƙwararru, kuma injiniyan manhaja na iya faɗawa cikin waɗanda aka cire. Abin da zai dogara da shi a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa shi ne takardar kwantiraginsa. Wurare huɗu ne za a karanta da kyau a cikinta: tsawon wa'adin sanarwa, kuɗin sallama idan an ambace shi, dokar ƙasar da za a bi in an samu saɓani, da sharaɗin da ke hana yi wa abokan gogayyar kamfanin aiki bayan an rabu.

A mayar da tsoro lissafi

Fargaba na ƙaruwa ne idan ba ta da adadi. A ɗauki biro a rubuta abin da ya zama dole a wata: abinci, haya, kuɗin makaranta, magani, data, man janareto, da abin da ake bai wa iyaye. Na ƙarshen nan a sa shi cikin dole, domin a ƙasar Hausa albashin mutum ɗaya gidaje biyu ko uku yake ciyarwa. Idan misali jimillar ta kama naira 250,000, ajiyar kuma naira 750,000 ce, to mutum na da wata uku. Wata uku ba yawa, amma ya fi "ban san yadda zan yi ba" sauƙin ɗauka, kuma yana nuna nawa za a riƙa ragewa daga albashi har a kai wata shida.

Ajiyar ta zama wadda za a iya taɓawa cikin kwana ɗaya ko biyu. Fili ba ya sayuwa ranar da ake so. Kiwo ajiya ce da aka gada, amma a yankin da satar shanu ta addaba kasada ce, rago kuma ba ya yin daraja sai gab da layya. Mai ƙyamar kuɗin ruwa na da bankuna irin su Jaiz da TAJ. Manhajojin ba da rance na waya kuwa a guje su ko ta halin ƙaƙa. Wasunsu sun yi ƙaurin suna wajen tura saƙon cin mutunci ga duk lambobin da ke wayar wanda ya makara da biya.

Mai asusun fansho yana da wata ƙofa da mutane da yawa ba su sani ba. Dokar fansho ta 2014 ta ba wanda bai kai shekara 50 ba, ya rasa aiki, ya kuma yi wata huɗu bai samu wani ba, damar cire har kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunsa. Amma sai in kamfanin yana zuba kuɗin da gaske. A buɗe manhajar kamfanin fanshon a duba tun yanzu.

Akwai kuma barazanar da ma'aikacin Legas bai san da ita ba. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, Dutsin-Ma da Kurfi na ciki, aka yi watanni a haka. Mai aiki ta intanet a nan yana buƙatar sanin gidan da zai sauka a Katsina ko Kano ya ci gaba da aiki idan irin haka ta sake faruwa.

Abin da ba a bari a kwamfutar kamfani

Ana iya rufe imel ɗin aiki cikin minti ɗaya. Kwafin kwantiragi, takardun albashi, sakamakon tantance ƙwazo da lambobin abokan aiki su kasance a imel ɗin mutum na kansa. Asusun banki, GitHub da LinkedIn kada a haɗa su da adireshin kamfani. Lambobin manhajar kamfani da bayanan abokan cinikinsa kuwa ba a kwasar su. Yin haka na iya jawo shari'a, ya kuma ɓata sunan da ake buƙata wajen neman aiki na gaba.

Gida da zuciya

Hausawa na cewa tsoro na daji, kunya na gida. Sau da yawa abin da ke hana ma'aikaci barci shi ne yadda zai kalli mahaifiyarsa, ko abin da za a ce a majalisa game da wanda aka sani da cin dala. Ɓoyewa na ƙara nauyin. Gara a faɗa wa mata ko miji da iyaye tun da wuri cewa kamfani na cikin wani hali, a rage alkawura, a jinkirta gini ko sayen mota. A kuma taƙaita bibiyar jita-jitar sallama a zaurukan WhatsApp zuwa lokaci guda a rana. Addu'a da tawakkali na kwantar da rai, amma idan rashin barci, faɗuwar gaba da rashin cin abinci suka wuce mako biyu, a ga likita.

Idan ranar ta zo, ba dole ne a sa hannu a takardar rabuwa nan take ba. A nemi kwanaki a karanta, a nuna wa lauya, a tuntuɓi sauran waɗanda abin ya shafa. Ma'aikatan ofishin Twitter na Accra, da aka sallami kusan dukkansu a Nuwamban 2022 'yan kwanaki bayan buɗe ofishin, haɗa kai suka yi suka ɗauki masu wakiltarsu, kuma sai a farkon 2024 kuɗin sallamarsu ya fito.