Farin Ɗinki a Kan Farin Yadi

Wata mai sauraronmu daga unguwar Rafindadi a birnin Katsina ta rubuto tana tambaya ko farin aikin allura da ke bakin fatarin kakarta, fari a kan fari, daga Turawa aka samo shi.

To Malama, haƙiƙa Turawa suna da nasu, domin a ƙarni na 18 birnin Dresden na ƙasar Jamus ya shahara da irin wannan aiki, inda akan tattara zaren lallausan yadi da allura har ya zama raga, matan attajirai kuwa su ɗaura shi a gaban tufafinsu don ado kawai. Amma ba mu da hujjar jingina namu gare su, alhali tun kafin zuwan Nasara a 1903 manyan ƙasar Hausa suna sa riguna masu aska biyu da aska takwas, waɗanda galibi malamai ne ke zana su, kasancewar hannunsu ya saba da alƙalami da zayyana, sa'an nan maɗinka su bi zanen da zaren tsamiya, wato alharinin da ake samu daga saƙar wata tsutsa, a dafa shi da toka, mata su kaɗe shi da mazari.

A ganinmu farin ɗinki a kan farin yadi ya fi mai launi wuya, domin babu rinin da zai rufa wa maɗinki asiri. Ki juya fatarin ki dubi bayansa: in aikin hannu ne, za ki tarar sawun allurar bai zama daidai wa daida ba.