Wace katangar tsaro za ka saka wa kwamfutarka ta gida?

Kafin ka sauke wata sabuwar manhaja, duba abin da ke hannunka. Tun daga 2004 Windows ke zuwa da katangarta a kunne, kuma tana tare baƙin da ke neman shigowa daga intanet yadda ya kamata. Rauninta yana wajen fita ne: duk manhajar da ke cikin kwamfutar tana iya aika bayanai waje ba tare da an tambaye ka ba. Ga mai sayen data da kuɗinsa, nan ne gizo ke saƙa, domin wata manhajar tana cinye maka data a ɓoye kana barci.

Shi ya sa na fi karkata ga TinyWall. Ba ta da nauyi, ba ta damun mutum da tambayoyi. Tana toshe kusan komai sai abin da ka ba izini da kanka. Ranar farko za ka ɗan sha wahala, wasu manhajojinka ba za su samu intanet ba sai ka sa su cikin jerin waɗanda ka amince da su. Daga nan shi ke nan.

Comodo tana da ƙarfi, amma saitunanta sun yi wa sabon shiga yawa. ZoneAlarm ta fi ta sauƙi. Mai Mac ya nemi LuLu.

Ko wacce ka zaɓa, ka sauke ta daga shafin kamfaninta, ba daga filashin mai gyara ba. Kuma kada ka haɗa biyu daga cikinsu a kwamfuta ɗaya, za su riƙa cin karo har intanet ɗin ya tsinke.