Ku daina ɓoye mana ciwon da ya kashe gwaggo

Wata mata mai shekara 34 ta zo wurinmu a Tumur, goye da jariri, ta naɗe ƙirji da zane biyu. Kafin in kwance zanen wari ya riga ya iso. Nonon hagu ya yi tauri, kansa ya shige ciki, hammata cike da kaluluwa. Tun tana da ciki ta ji ƙullutun, aka ce ruwan nono ne ya kwanta. Wanzami ya tsaga, ya kafa ƙaho. Mai tallan magani a kasuwa ya yi ta ɗura mata amoksisilin. Wani kuma ya ce jifa ne, ya karɓe akuya.

Na tambaye ta ko an taɓa yin irinsa a dangi. Ta ce, "A'a, Malama." Sai yayarta da ta rako ta ta sunkuyar da kai ta ce, "Gwaggonmu fa, ƙanwar Baba? Ba ta kai arba'in ba. Kaka ma ciki ne ya kumbura mata." Duk gidan sun sani, ba wanda ya faɗa, wai kada a ƙi auren 'ya'yansu. Mun tura ta Diffa, daga can aka ce sai Yamai, tafiyar fiye da kilomita 1,300. Mijin ya ce a bari a sayar da tattasai. Ta rasu ba ta yaye yaron ba.

Ciwonta kansar nono ce, kuma ga yadda ake gadonta. Kullum DNA, wato ƙwayar halittar da muke gada daga iyaye, tana tsinkewa a jikinmu, kullum kuma ana ɗinke ta, kamar yadda masunta ke gyaran koma a bakin Komadugu. Cikin masu ɗinkin akwai BRCA1 da BRCA2, waɗanda aka gano a 1994 da 1995. Macen da ta gaji ɗaya a lalace, haɗarin kansar nono a tsawon rayuwarta ya kai kusan kashi 70 cikin 100, ga kuma ta ƙwan mace. Kowane ɗa, mace ko namiji, rabi da rabi ne: ko ya gada ko ya tsira. Kuma ta wajen uba ma ana gado. Ta wajen uba, na ce! Nan ne kowa yake yin sakaci.

Kada a ce ciwon Turawa ne. Binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta suka fitar a 2018 kan mata 1,136 masu wannan ciwo a Ibadan ya sami irin wannan gadon, na BRCA ko makamantansu, a kusan kashi 15 cikin 100.

Yawancin masu kansar nono ba gado suka yi ba, saboda haka wadda danginta ke lafiya ma kada ta miƙe ƙafa. Ƙullutu marar zafi ya fi ba ni tsoro. Shayarwa ba ta hana shi. Kada a tsaga, kada a ƙona. Maza ma suna yi. Wanzamai, don Allah, kada ku tsaga nono.

Tun 2021 ana gashin kansa a cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa da ke Yamai, amma sai wadda ta isa da wuri take cin moriyarsa. In an yi ciwon nono ko na ƙwan mace a gidanku, musamman kafin shekara 50, ku zo a duba ku tun ba ku ji komai ba, ku taho da ƙannenku mata, ku kuma faɗa mana gaskiya.